Zolayar Kai a Wasan Barkwanci: Yadda Ake Yi Ba Tare da Zubar da Girma Ba

Sauti biyu mai barkwanci kan ji idan ya taɓa kansa a gaban jama'a. Ɗaya dariya ce. Ɗayan kuwa wani ɗan "ayya" ne da ke fitowa a hankali daga kujerun gaba, irin wanda ake yi wa yaron da ya faɗi ya kurje gwiwa. In ka ji na biyun, wasa ya tashi, an koma jaje. Sau da yawa labarin ɗaya ne, kalmomin ma ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne ko 'yan kallo sun yarda cewa mai ba da labarin faɗuwar ya riga ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa.

Tun a 1651 masanin falsafar nan na Ingila, Thomas Hobbes, ya ce dariya wata ɗaukaka ce da kan zo wa mutum kwatsam idan ya ga ya fi wani. Ba duk dariya ce haka ba, amma maganarsa ta kama wani abu: barkwanci da yawa na bukatar wanda za a taka. Mai zolayar kansa ya miƙa wuyansa ne da kansa, don kada wani a cikin zauren ya tafi gida da ƙulli a zuci. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi sauka ya yi ya nuna wa mutane nasa tudun, ya ce ku zo ku gani.

Mataki na farko: ka hau kafin ka sauko

Wanda ke ƙasa ba shi da inda zai faɗo. A 1966 masanin halayyar ɗan Adam Elliot Aronson da abokan aikinsa biyu sun yi wani gwaji a Jami'ar Minnesota da ke Amurka. Sun kunna wa ɗalibai faifan muryar wani mutum da ake yi wa tambayoyin kacici-kacici. A wani faifan gwani ne, ya ci kashi 92 cikin 100. A wani kuma kashi 30 kacal ya iya amsawa. A ƙarshen wasu daga cikin faya-fayan sai a ji kofin gahawa ya kife, mutumin yana ƙorafin ya ɓata sabuwar kwat ɗinsa. Gwanin da ya yi ɓari shi ɗaliban suka fi so duka, har ya zarce gwanin da bai yi ɓarin ba. Shi kuwa mai kashi 30, ɓarin ƙara zubar da shi ya yi a idonsu.

Don haka kafin ka yi wa kanka ba'a, sai mutane sun ga alamar ka san abin da ya kawo ka. Wannan ba ya nufin ka yi ta kirari. Tsayuwarka, yadda ka riƙe makirufo, muryar da ba ta rawa, da barkwanci ɗaya ko biyu da suka faɗa daidai, sun isa.

Ni da jikina na koyi wannan. Na taɓa buɗe jawabi a wani taron ma'aikata da cewa ban shirya komai ba, a mota na rubuta abin da zan faɗa. Ƙarya nake yi, kwana uku na yi ina hadda. Ba wanda ya ko murmusa. Wata mata a layin gaba ta duba agogonta, shugaban taro ya hau laluben takardar jerin masu magana don ya ga wa ke biye da ni. Ba su san ni ba, don haka suka ɗauki maganata a yadda na faɗe ta.

Wuri ɗaya ne ya kamata ka fara da kanka tun daga buɗe baki: idan akwai abin da kowa ya riga ya gani yake kuma tunani a kai. Tsawon da ya wuce misali, sanƙo mai ƙyalli, siririyar murya a ƙaton jiki, ko tuntuɓen da ka yi a matakala yanzun nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba ka taɓa abin ba, hankalinsu na can a kansa. A muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka ta 21 ga Oktoba 1984, an tambayi shugaba Ronald Reagan, mai shekara 73 a lokacin, ko tsufa ba zai hana shi aikin shugabanci ba. Ya amsa da cewa shi ba zai mai da shekaru abin yaƙin neman zaɓe ba, ba zai ci ribar ƙuruciya da rashin gogewar abokin takararsa ba. Abokin takarar tasa, Walter Mondale, wanda ake magana a kansa, shi ma sai da ya yi dariya. Ka lura Reagan bai ce shi ba tsoho ba ne. Karɓar zancen ya yi, ya juya shi, ya wuce.

Mataki na biyu: tattara kayan aiki, ka tsince su

Gwano ba ya jin warin jikinsa, kai ma ba ka san abin dariyar da ke jikinka ba sai ka zauna ka nema. Ka buɗe shafi a littafi ko a waya, duk ranar da ka yi abin kunya ka rubuta shi a ranar, kafin ƙwaƙwalwa ta yi masa kwaskwarima. Ka tambayi mutum biyu da ba sa jin nauyinka: wane hali nawa kuke kwaikwayo in ba na nan? Amsar za ta yi ɗaci, kuma ita ce mafi tsada a cikin kayanka. Phyllis Diller, mai barkwanci 'yar Amurka wadda ta fara wasa a 1955 tana da shekara 37, ta gina sana'arta a kan zolayar kamanninta da rashin iya aikin gidanta, ta tara barkwanci a ƙananan katuna sama da 50,000, kowanne a rukuninsa. Durowar katunan tana gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Abin da 'yan kallo ke ɗauka suɓul da baka ne, aikin shekaru ne.

Idan jerin ya yi tsawo, sai tsinta. Tambaya ta farko: wannan abin da na aikata ne, ko abin da nake? "Na yi minti goma ina tura ƙofar da ake ja" aiki ne, kowa ya taɓa yin irinsa. "Ni ba ni da wani amfani" hukunci ne, ba wanda ya san inda zai sa dariyarsa. Ta biyu: tabo ne ko ɗanyen miki? Gwajin mai sauƙi ne. Ka ɗauka ka sauko daga dandamali wani baƙo ya tare ka ya maimaita maka maganar yana ƙyaƙyatawa. In ka ji za ka iya taya shi, tabo ne. In cikinka ya murɗa, ajiye shi, bana ba shekararsa ba ce. Mutuwar aure ta watan jiya, korar aiki ta makon nan, rashin lafiyar da ake kan jinya, duk za su iya zama abin dariya wata rana, amma 'yan kallo na jin warin jini tun daga kujerar ƙarshe.

Ta uku gajeriya ce: su ma suna da irin wannan? Rowa, ragwanci, tsoron allura, ƙaryar "ina hanya" alhali kana kan gado. Mafi daɗin dariyar zolayar kai ita ce wadda mutum ke yi yana zungurin na kusa da shi.

Mataki na uku: gina labarin

A nan yawancin aikin yake. Masu sana'ar suna raba kowane barkwanci gida biyu: shimfiɗa, wadda ke kai tunanin mai sauraro wani wuri, da bugu, wanda ke karkatar da shi inda bai zata ba. Bari mu ɗauki hali ɗaya mu bi shi tun daga ɗanye.

Ɗanyen: "Ni ina da mantuwar sunayen mutane." Wannan bayani ne, irin wanda ake yi wa likita.

Sai a sa shi a wuri da lokaci: "Na haɗu da wani a wajen taro, ya rungume ni, ya tambayi mahaifiyata da sunanta. Minti ashirin muna hira ina kiransa 'babban mutum'." Yanzu an fara ganin hoto, za a yi murmushi. Amma har yanzu abin yana faruwa da kai ne kawai. Dariya ta fi ƙarfi idan kai ka haƙa ramin da hannunka, kana ganin wayo kake yi. Don haka a ƙara dabara: "Da za mu rabu sai na yi basira, na miƙa masa wayata na ce, babban mutum, sa mini sabuwar lambarka da cikakken sunanka. Yana danna lambar, sai ga shi ashe tana ciki. Na ajiye shi da 'Kada Ka Ɗauka'."

Dubi inda kalmomin da ke ɗauke da dariyar suka zauna: a can ƙarshen jimla, ba komai bayansu. Da ka ce "sai 'Kada Ka Ɗauka' ya fito a fuskar wayar, ashe haka na ajiye shi tun bara", dariyar za ta taso a tsakiya, sauran maganarka ta danne ta. Wannan ƙa'ida kaɗai tana gyara rabin barkwancin da ke mutuwa.

Idan dariyar ta fara sauka, kafin ta mutu, sai ka ɗora ƙari a kan shimfiɗar da ka riga ka yi: "'Kada Ka Ɗauka 2'." Ka dakata. "Ya ɗago kai ya ce, wane ne na ɗayan?" Ka sake dakatawa. "Na ce ƙaninka." Dariya uku ke nan da shimfiɗa guda, kuma a kowacce kai ne ke ƙara nutsewa. Mutumin bai yi laifin komai ba, shi ya sa ba wanda zai ji haushinka a madadinsa.

Abu biyu ke ƙara wa irin wannan armashi. Na farko takamaiman abu: "minti ashirin" ya fi "lokaci mai tsawo", "babban mutum" ya fi "wani suna". Na biyu zuzutawa, amma wadda ta tsiro daga gaskiya. In kai rago ne wajen motsa jiki, kada ka ce shekara goma ba ka tashi daga kujera ba, ba wanda zai saya. Ka ce wayarka na ƙirga maka taku, ranar da ka yi dubu biyar sai da ta nemi ka tabbatar kai ne ke riƙe da ita. Ƙarya ce ita ma, amma ƙaryar da ta yi kama da mai ita.

Bayan ka rubuta, ka karanta da ƙarfi, ka yanke duk kalmar da labarin zai rayu ba tare da ita ba. Sunan unguwa, ranar mako, yadda aka yi ka je taron, in ba su kai ka ga bugun ba, kaya ne kawai.

Mataki na huɗu: zaɓi aibi ɗaya ka zauna a kansa

Sabon shiga kan zuba komai a wasa ɗaya: shi mummuna ne, matalauci ne, daƙiƙi ne, ba mai son sa. Kafin minti biyar mutane sun gaji da tausayi. Manyan sana'ar aibi ɗaya ko biyu suke riƙewa har ya zama tambarinsu. Jack Benny, tauraron rediyo da talbijin na Amurka, ya shafe shekaru yana wasa a matsayin marowaci, mai goga goge irin na Turawa ba daɗi, wanda kullum shekarunsa 39. A wani shirinsa na rediyo a 1948, ɗan fashi ya tare shi ya ce ya zaɓa, kuɗinsa ko ransa. Benny ya yi shiru. Shirun kansa ya tayar da dariya, don masu sauraro sun san mutumin, sun san abin da ke damun sa. Da ɗan fashin ya matsa, sai ya ce ai tunani yake yi tukuna. Ba a samun irin wannan dariya a daren farko. Shekarun da ya yi yana shuka rowar ne suka biya shi. A zahiri kuwa an san shi da kyauta, kuma ya iya kiɗan da yake nuna bai iya ba.

Wannan na ƙarshen shi ne abin riƙewa. Wanda ke kan dandamali ɗan wasa ne da ka ƙera daga wani yanki naka, kamar riga ce da kake sawa ka cire. Rodney Dangerfield, wani mai barkwanci ɗan Amurka, ya yi rayuwarsa ta wasa yana kukan ba wanda ke ganin girmansa, yana jan laktayen wuyansa kamar an shaƙe shi, alhali zauren cike yake da mutanen da suka zo takanas don shi.

Mataki na biyar: faɗarsa

Kada ka riga su dariya, kada kuma ka nemi afuwa da ido. Ka ba da labarin kamar wanda har yanzu yake ganin dabararsa ta miƙa wayar tana da kyau, ƙaddara ce kawai ta ɓata ta. Ɗan dakatawa kafin bugu, cikakken shiru bayansa. Sababbi suna tsoron shirun nan, sai su cike shi da "wallahi da gaske" ko "kun gane ai", su kashe abin da suka haifa. Ka tsaya cak, ka ƙirga uku a zuci. Kafaɗa a miƙe, ido a kan mutane. Bakinka na cewa ka faɗi, jikinka na shaida musu ba abin da ya same ka.

Mataki na shida: duba wanda ka ja cikin ramin

Ba kowace zolayar kai ce ta tsaya a kan mai yin ta ba. In ka ce "kun san mu masu ƙiba ba mu da zuciya", ba kai kaɗai ka taɓa ba, ka haɗa da yarinyar da ke layi na huɗu wadda ba ta ba ka izini ba. Haka in ka zolayi launin fatarka, naƙasarka ko asalinka ta hanyar maimaita abin da masu raina irinka suka saba faɗa. Za a yi dariya, amma ka saurari irin dariyar: ta "mu ma haka muke" ce, ko ta "ai dama mun faɗa"? Wasan Hannah Gadsby, mai barkwanci daga Ostireliya, na 2017, wanda Netflix ta fitar a 2018, a kan wannan gaɓar ya yi suna. Hujjar da ke cikinsa ita ce, idan wanda dama an tura shi gefe a cikin al'umma ya yi wa kansa ba'a don a bar shi ya yi magana, abin ya tashi daga tawali'u ya koma wulaƙanci. Ba dole ka yarda da hujjar ɗari bisa ɗari ba. Ni ina ganin akwai masu taɓa irin waɗannan abubuwa su fito da ƙarfinsu. Amma dubarar tasu ɗaya ce: bugun yana sauka ne a kan wautar yadda ake kallon su, ko a kan wani abin da su kaɗai suka aikata.

Matarka, mijinki, 'ya'yanka da iyayenka ma ba kai ba ne. In suna cikin labarin, su zama masu hankalin, kai ne wawan. In ba haka ba, ka tambaye su tukuna.

Sai yabon kai da ya sa rigar zolaya: "Ni fa sakarai ne, na manta a wace motar tawa na bar makullin." Ba wanda wannan ke ruɗa. Yabon kai jahilci, wanda aka lulluɓe kuma ya fi muni, don an haɗa da raina hankalin mai sauraro. Kuma in a wurin aiki kake, kada ka taɓa ainihin abin da aka dogara da kai a kansa. Likita na iya zolayar rubutun hannunsa, amma ban da rawar hannunsa.

Mataki na bakwai: gwada, ƙirga, rage

Ka fara da ƙaramin taro, ka ɗauki muryarka a waya. Washegari ka saurara da alƙalami a hannu: inda aka yi dariya, inda aka yi shiru, inda "ayya" ta fito. Wurin "ayya" ba lallai a jefar da shi ba. Wani lokaci kalma ɗaya ce ta yi nauyi, ko ka sunkuyar da kai a inda bai kamata ba. Ka canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san me ya yi aiki ba. Kuma kada wasan ya zama kai kaɗai daga farko har ƙarshe. Zolayar kai tana saya maka izinin taɓa wasu abubuwa, to ka yi amfani da izinin.

Ka sa ido kuma a kan abin da ke biyo ka gida. A 2003 Rod Martin na Jami'ar Western Ontario a Kanada, da abokan aikinsa, sun fitar da ma'aunin tambayoyi 32 da ya raba raha gida huɗu: ta haɗa zumunci, ta ƙarfafa zuciya a lokacin wahala, ta cin zarafin wasu, da ta kassara kai don neman karɓuwa. Wannan ta huɗun an same ta tana tafiya tare da baƙin ciki, fargaba da raina kai. Alamarta a rayuwa ba ta ɓuya: ba ka iya karɓar yabo sai ka rushe shi da wasa, abokai sun fara jifan ka da kalmomin da kai ka koya musu, kana dariya a fili kana jin zafi a ciki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In abin ya kai haka, ka ajiye wannan barkwancin, ka gaya wa na kusa da kai cewa ya isa, in kuma nauyin ya ƙi sauka ka nemi mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ranar da barkwanci ya mutu a hannunka, kuma zai mutu, ka tanadi jimla ɗaya tak ta karɓar faɗuwar. Ɗaya, ba uku ba; in ka yi ta nanata cewa ka gaza, za su yarda da kai. Mafi kyawunta ita ce wadda ke waiwayar abin da aka riga aka yi wa dariya a daren. In labarin waya ya ci a minti na biyu, wani kuma ya faɗi warwas a minti na bakwai, ka dubi mutumin da ya haɗe rai a layin gaba, ka ciro wayarka a hankali, ka ce, "Malam, ba ni lambarka. Na uku babu kowa."